Tsira daga daji, ciwo a ɓoye: Halin da matan da suka gudo wa rikici ke ciki a birnin Kano

Duk lokacin da aka ce an ceto mata daga hannun Boko Haram ko 'yan bindiga, hoton da ake nunawa kusan iri ɗaya ne: mata zaune a jere cikin hijabai, jarirai a kan cinyoyinsu, jami'ai na tsaye a bayansu. Bayan kwana biyu sai labarin ya mutu.

Ga matar da ta fito kuwa, a ranar ce wata sabuwar tafiya ke farawa. Wata ta fito da cikin da ba ta nema ba. Wata da ciwon sanyin da ya yi watanni yana cin ta. Wata kuma da yoyon fitsari, bayan doguwar naƙuda a inda babu ko ungozoma.

Alƙaluman Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, na nuna cewa sama da mutum miliyan 2 ne ke gudun hijira a Arewa maso Gabas, wasu sama da miliyan 1 kuma a Arewa maso Yamma da Arewa ta Tsakiya. Fiye da rabinsu ba a sansani suke ba. Suna raɓe ne a gidajen 'yan uwa da ɗakunan haya da kangaye, a garuruwa irin su Maiduguri da Gusau da Katsina da Kano.

Wannan ne ya sa lafiyar waɗannan mata ta zama maganar unguwa tun kafin ta zama maganar asibiti. A birnin Kano akwai maganin mafi yawan abin da ke damun su, wani ma kyauta ne. Abin da ke tsakaninsu da maganin shi ne kunya, da tsoron bakin mutane, da rashin wanda zai ce musu, “Tashi mu je.”

Unguwar da baƙi suka kafa

Zaitawa na ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin cikin ganuwa, kuma mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Birni da Kewaye. Masana tarihi na danganta sunanta da Shaihu Abdurrahman Zaite, jagoran Wangarawan da suka zo daga ƙasar Mali. Tarihin Kano ya kawo zuwansu a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Ke nan tun asali unguwar baƙi ce, waɗanda aka karɓa har suka zama 'yan gari.

Har yau haka ake shiga cikin birni. Baƙo ba ya bi ta ofis, ta zaure yake bi. Matar da ta gudo daga Bama ko Gwoza, ko daga wani ƙauyen Zurmi ko Batsari, tana sauka ne a wajen ƙanwar mahaifiyarta da ke aure a Kano, ko a gidan wani ɗan garinsu da ke kasuwanci a Kurmi. A ba ta tabarma a ɗakin tsohuwa, a ba ta zani, a zuba mata tuwo.

Wannan karamci ya rufa wa dubban mutane asiri, kuma gwamnati ba za ta iya biyan sa ba. Sai dai yana da wani giɓi. A sansani, ko ba komai, akwai rajista, akwai tantin ma'aikatan lafiya, akwai ranar awon ciki. A gidan 'yan uwa babu mai rubuta sunanta, babu mai gwada jininta. Kuma a gidan da mutum 20 ke shiga banɗaki ɗaya, wadda aka yi wa alfarmar wurin kwana ba za ta so ta ƙara da cewa tana da lalura a gabanta ba.

Abin da jiki ke ɗaukowa daga daji

A ƙarshen watan Afrilu da farkon Mayun 2015 sojoji suka fito da ɗaruruwan mata da yara daga dajin Sambisa, aka kai 275 daga cikinsu sansanin Malkohi da ke kusa da Yola. A lokacin ne shugaban Hukumar Kula da Yawan Al'umma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, marigayi Farfesa Babatunde Osotimehin, ya bayyana cewa an samu mata 214 da juna biyu a cikin waɗanda aka ceto.

Shekara ɗaya bayan nan, a Mayun 2016, aka ga ta farko daga cikin 'yan matan Chibok da suka rage a hannun mayaƙan tun bayan sace 276 a ranar 14 ga Afrilun 2014. Tana ɗauke da jaririya 'yar wata huɗu.

Ciki shi ne abin da ido ke gani. Waɗanda ido ba ya gani sun fi yawa. Akwai cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, waɗanda a nan ake haɗa su duka a kira su ciwon sanyi. Idan ba a magance su da wuri ba suna haurawa mahaifa, su toshe hanyar ƙwai, su jawo ciwon mara na dindindin ko rashin haihuwa. Akwai cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta, waɗanda ke iya shekaru ba su nuna alama ba. Akwai ƙarancin jini saboda yunwa da zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ke sa zubar jini kaɗan a wajen haihuwa ta zama ajali.

Sai yoyon fitsari. Yana faruwa ne idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu, ƙofa ta buɗe tsakanin mafitsara da farji. Yarinyar da aka ɗaura wa auren dole a daji tun ƙugunta bai gama buɗewa ba, ta kuma haihu ba likita ba ungozoma, tana cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari. Mummunan fyaɗe ma kan jawo shi.

A likitance akwai taimakon gaggawa ga wadda aka yi wa fyaɗe, amma yana da lokaci. Maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki sai an fara shi cikin awa 72, a sha na kwana 28. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana aiki ne cikin kwana 5. Matar da ta yi wata shida a hannun masu garkuwa da mutane kafin a haɗa kuɗin fansa ta riga ta wuce wannan lokaci. Duk da haka gwaji da magani na nan, kuma kowane mako da aka ƙara ana jinkiri ƙarin illa ne.

Duk wannan na faruwa ne a ƙasar da haihuwa ke da haɗari ko da zaman lafiya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na shekarar 2023 ya nuna mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Idan aka raba, mace ɗaya ke nan a kusan kowane minti 7.

Gudun gara, an faɗa gidan zago

Ga wasu matan, cin zarafin bai ƙare a daji ba. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan mata da 'yan mata 43 a sansanoni bakwai na Maiduguri, waɗanda suka ce jami'an sansani da 'yan sintiri da 'yan sanda da sojoji sun yi musu fyaɗe, ko sun yi lalata da su da alƙawarin abinci ko aure. Shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ba da umarnin a yi bincike. A Mayun 2018 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da nata rahoton mai ɗauke da irin waɗannan zarge-zarge, rundunar soji kuma ta musanta.

A Disambar 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya yi zargin cewa tun daga 2013 sojoji sun zubar da ciki aƙalla 10,000 na matan da aka ceto a Arewa maso Gabas, da yawa ba tare da saninsu ba. Rundunar ta ce ƙarya ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon alƙalin Kotun Ƙoli, Mai Shari'a Abdu Aboki, kuma a Nuwamban 2024 kwamitin ya ce bai samu hujjar cewa an gudanar da irin wannan shiri ba.

Ko ma wane ɓangare mutum ya gaskata, irin waɗannan labarai sun bar tabo. Matar da ta taɓa jin cewa ana yi wa mata allura ba a gaya musu ta mece ce ba, ko wadda mai rabon abinci ya taɓa neman ta da lalata, ba za ta yi saurin sakin jiki da duk wani mai kaki ko mai farar riga ba.

A dokar Najeriya kuma ba a halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Saboda haka wadda ta fito da cikin fyaɗe kan shiga tsaka mai wuya: ko ta raine shi cikin gori, ko ta faɗa hannun masu haɗe-haɗen magani a ɓoye, abin da ke kai wasu ga zubar jini da ruɓewar mahaifa.

“Annoba”

A Fabrairun 2016 hukumar UNICEF da ƙungiyar International Alert suka fitar da wani bincike da suka yi a Borno kan yadda ake kallon matan da suka dawo. Sun tarar ana kiran su “matan Boko Haram”, wasu ma na kiran su “annoba”. Ana tsoron an juya musu tunani, musamman a lokacin da mayaƙan ke ɗaura wa 'yan mata bam. 'Ya'yan da suka haifa kuwa ana cewa jinin ubanninsu na jikinsu, don haka wata rana sai sun ɗauki makami.

Wasu mazajen sun karɓi matansu, wasu sun sake su. Wasu iyayen sun karɓi 'yarsu amma suka ƙi jikan.

Illar wannan ƙyama ba ta tsaya a ɓacin rai ba. A 2019 ƙungiyar International Crisis Group ta ruwaito cewa akwai matan da suka koma wajen mayaƙan da ƙafarsu, saboda yunwa da wulaƙancin da suka tarar a sansani da cikin gari.

A Arewa maso Yamma sunan ne kawai ya bambanta. Yarinyar da ta dawo daga hannun 'yan bindiga ta san tambayar da ke zuciyar kowa ko da ba a furta ba. Iyayenta ma sun sani, shi ya sa sau da yawa suke zaɓar a yi shiru don kada a ɓata mata aure. A wannan lissafi, zuwa asibiti tamkar amsa tambayar ne a bainar jama'a.

Madubi daga Koriya

Wannan matsala ba ta ƙasar Hausa ce kaɗai ba. Akwai darasi a labarin wasu mata da ke can ƙarshen gabashin duniya.

Mutum sama da 34,000 ne suka tsere daga Koriya ta Arewa suka isa Koriya ta Kudu, kuma kusan bakwai cikin kowane goma mata ne. Guguwar ta taso ne bayan yunwar da ta kashe dubban ɗaruruwan mutane a tsakiyar shekarun 1990. Tun da iyakar ƙasashen biyu cike take da nakiyoyi da sojoji, masu gudu kan tsallaka kogin Tumen ko Yalu su shiga ƙasar Sin, daga nan su bi ta Laos ko Biyetnam zuwa Tailan kafin su samu jirgin Seoul. A 2009 mutum 2,914 ne suka isa. A 2021, bayan rufe iyakoki saboda cutar korona, 63 ne kacal.

A ƙasar Sin ne mafi yawan matan ke haɗuwa da masifa. Hukumomin ƙasar ba su ɗauke su 'yan gudun hijira ba, suna ɗaukar su baƙin haure ne, kuma duk wadda aka kama ana iya mayar da ita. Dillalai sai suka samu kasuwa: suna sayar da su ga manoman karkara da suka rasa matan aure, ko ga gidajen karuwai. Wadda ba ta da takarda ba za ta kai ƙara ba, ba kuma za ta je asibiti hankali kwance ba.

Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da alƙalin Ostareliya Michael Kirby ya jagoranta ya bayyana a rahotonsa na Fabrairun 2014 cewa matan da aka mayar Koriya ta Arewa da ciki ana tilasta musu zubar da shi, saboda zargin cewa uban ɗan ƙasar Sin ne. Kalmar da ake fakewa da ita a can ita ce tsarkin jini. Wanda ya ji abin da ake faɗa kan 'ya'yan matan Sambisa ba zai ji wannan a matsayin baƙon zance ba.

Inda aka bambanta shi ne ƙofar shiga. Tun 1999 Koriya ta Kudu ta buɗe wata cibiya mai suna Hanawon a garin Anseong. Duk wanda ya iso, bayan binciken jami'an tsaro, yana yin mako 12 a can. A duba lafiyarsa, a haɗa shi da masu ba da shawara kan damuwa, a koya masa zaman sabuwar ƙasa, sannan a ba shi takardar zama ɗan ƙasa da tallafin gida da kuɗin fara rayuwa. Mace ba sai ta nemi a duba ta ba, domin kowa ake dubawa. Wannan kaɗai ya rage nauyin kunya.

Duk da haka, bayan sun fita daga cibiyar, da yawa na ɓoye asalinsu, suna sauya karin harshensu don kada a gane daga Arewa suke, suna kuma ɓoye abin da ya same su a ƙasar Sin har ga mazajen da suka aura daga baya.

Darasin biyu ne. Na farko, dubawa ta zama ta kowa, ba sai wadda ta tona asirin kanta ba. Na biyu, ko ƙasa mai arzikin Koriya ta Kudu ba ta iya sayen karɓuwa da kuɗi ba. Wannan aikin maƙwabta ne.

Ƙofofin da ke kusa

Kano ba ta da cibiya irin Hanawon, amma tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi.

Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad yana cikin ƙaramar hukuma ɗaya da Zaitawa, tafiyar ɗan sahu ce ba mai nisa ba. A cikinsa akwai Cibiyar Laure, inda aka daɗe ana yi wa masu yoyon fitsari aiki. Akwai kuma Cibiyar Waraka, wadda aka kafa don waɗanda aka yi wa fyaɗe: ana duba su, a ba su magani da shawara, a rubuta rahoton likita ga mai son zuwa kotu. A Kwalli, nan cikin birni, akwai gidan da masu yoyon fitsari ke zama kafin aiki da bayansa.

A Katsina akwai asibitin Babbar Ruga, wanda yanzu cibiyar ƙasa ce ta wannan lalura. A nan ne likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta, ya koma ɗinkin yoyon fitsari tun a shekarun 1980. Ya yi wa dubban mata aiki a Katsina da Kano, ya kuma horar da likitoci da ma'aikatan jinya masu yawa. Yana cikin waɗanda suka nuna cewa idan aka sa wa mace robar fitsari da wuri, cikin makonnin farko da fara yoyon, wata ƙaramar ƙofar kan rufe da kanta ba sai an yi tiyata ba. A Sakkwato kuma akwai Cibiyar Nana Khadija da ke aiki irin na Waraka.

Mafi yawan masu yoyon fitsari suna warkewa idan ƙwararre ya yi aikin. Sharaɗin shi ne a ƙaurace wa shimfiɗa na wasu watanni kamar yadda likita ya ce, a ba da tazara kafin wani cikin, kuma haihuwa ta gaba a yi ta a asibiti, galibi ta hanyar tiyata. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa.

Maganin cuta mai karya garkuwar jiki kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma mai ciki da ta fara sha da wuri na iya haihuwar jariri lafiya lau.

Me ke hana zuwa?

Idan asibiti na kusa haka, me ya sa mace za ta shekara tana fama a ɗaki?

Na farko kunya. Hausawa na cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma matar da aka keta wa mutunci ba ta son ko mace 'yar uwarta ta ga jikinta, balle likita namiji. Ga layin asibiti, inda za ta iya haɗuwa da maƙwabciya.

Na biyu izini. A al'adarmu mace ba ta fita sai da yardar miji ko mai gida. Wadda mijinta ya rasu, ko ya ɓata, ko yake tsare, tana ƙarƙashin mai masaukinta ne. Kafin ta fita sai ta faɗi dalili, dalilin kuma shi ne abin da take ɓoyewa.

Na uku kuɗi. Ko da aikin kyauta ne, akwai kuɗin mota da na kati da na gwaji da na abincin mai jinya. Shi ya sa ake fara zuwa kemis a sayi ƙwayoyi na kwana biyu, ko a nemi mai maganin gargajiya. Ciwon ya lafa, ya sake dawowa da ƙarfi.

Na huɗu harshe. Ba kowace 'yar Borno ce ke jin Hausa sosai ba. Mai jin Kanuri ko Shuwa ko Margi za ta buƙaci tafinta, kuma ba kowace magana ake faɗa ta bakin wani ba.

Na biyar kuma ciwon da ba a ɗauke shi ciwo ba. Rashin barci, firgita cikin dare, yawan kuka, ƙin shiga mutane, tsoron miji. A gida akan ce aljanu ne ko sammu. Addu'a da ruƙiyya suna da muhallinsu a zuciyar mumini, amma likitoci sun san wannan yanayi, kuma yana da magani. Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, sai dai likitocin wannan fanni ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma sunan Dawanau kaɗai kan sa mutum ya ja da baya.

Juriya, da iyakarta

Duk da wannan, kuskure ne a ɗauki waɗannan mata a matsayin abin tausayi kawai. Da yawansu ba ceto su aka yi ba, su suka ceci kansu: suka yi kwanaki suna tafiya a daji cikin dare, da goyo a baya.

A Maiduguri ɗaruruwan matan da aka tsare mazajensu suka haɗa kai ƙarƙashin ƙungiyar Knifar, da goyon bayan 'yar gwagwarmaya Hajiya Hamsatu Allamin. Suka tattara sunayen mazajensu da na waɗanda suka mutu, suka kai koke gaban hukuma, a lokacin da ko maza ba sa iya buɗe baki. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara kan damuwa har inda mutane suke, maimakon jiran su zo. Wasu daga cikin 'yan matan Chibok da aka sako, 21 a Oktoban 2016 da 82 a Mayun 2017, sun koma karatu a Jami'ar Amurka da ke Yola.

Akwai kuma juriyar da ba ta shiga jarida: ɗinkin hula, da surfe, da wankau, da tuyar awara a ƙofar gida, da adashen naira ɗari biyu da ake sayen audugar mata da sabulu da shi.

Sai dai a kula. Yabon haƙurin mace abu ne mai sauƙi, kuma sau da yawa da shi ake rufe bakinta. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma ba ya ɗinke mafitsara, ba ya kashe ƙwayar cuta. Matan da suka miƙe, idan aka duba, kusan kowacce akwai wanda ya tsaya mata: uwa, ko miji, ko malama, ko ƙungiyar 'yan uwanta mata.

Abin da unguwa za ta iya yi

A 2014, bayan mayaƙan IS sun sace dubban matan Yazidawa a Iraƙi, shugaban addininsu, Baba Sheikh, ya fito ya ce duk wadda ta dawo 'yar gida ce, a karɓe ta da mutunci. Wannan magana ɗaya ta buɗe wa mata da yawa hanyar komawa ga danginsu. Amma al'ummar ba ta karɓi 'ya'yan da suka haifa a hannun mayaƙan ba, har wasu iyaye mata suka zaɓi tsakanin 'ya'yansu da danginsu.

A nan ba mu da uzurin yin haka. Malaman Musulunci sun haɗu a kan cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi, kuma jariri ba ya ɗaukar laifin ubansa. Abin da ya rage shi ne a ji wannan daga bakin liman a huɗubar Juma'a, da bakin malama a Islamiyyar matan aure, a faɗe shi ƙarara yadda mai gori zai ji kunya.

Mai unguwa ya san gidan da aka yi baƙi. Zai iya haɗa su da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ba tare da ya tambayi abin da ya faru ba. Ungozoma da masu zagayen rigakafi gida-gida suna shiga inda namiji ba ya shiga. Idan aka koya musu alamomin yoyon fitsari da na ciwon sanyi, aka ba su sunan wurin da za su tura mace, an rage rabin tafiyar.

Gwamnatin jiha kuma za ta iya ɗaukar darasin Koriya daidai ƙarfinta: duk wanda ya fito daga hannun masu garkuwa ko ya gudo daga yankin rikici, mace ko namiji, a ba shi katin duba lafiya kyauta, a ce ƙa'ida ce ga kowa. A samar da ma'aikata mata da masu jin Kanuri da Fulatanci, da ɗakin da za a yi magana ba a gaban layi ba.

Ga uwar gidan da ta sauki baƙuwa, ba sai ta tambaye ta abin da aka yi mata a daji ba. Ya isa ta ce, “Ƙanwata, kin sha hanya, gobe sai mu je a duba jininki,” ta kuma ɗauki hijabinta ta raka ta.

Idan kuwa abin bai daɗe da faruwa ba, kada a jira gobe. Awa 72 ɗin nan tun daga lokacin da abin ya faru ake fara ƙirga su.